Lambun da aka dasa a kan bola a Alƙahira

Jama'a mun dawo daga Masar lafiya, Yaya ya samu sauƙi Alhamdulillah, shi na raka asibiti. Amma ni dai abin da ya tsaya min a rai shi ne lambu, kun san sana'ata renon dashe da gyaran filin gida ce a Kano, duk inda na je ƙasa nake kallo da itatuwa.

Ranar da likita ya ba mu hutu wani ɗalibi ɗan Katsina da ke karatu a Azhar ya zo masaukinmu, yaron kirki wallahi, shi ya yi ta mana tafinta ko sisi bai yarda ya karɓa ba. Ya ce "Kawu tunda kai mutumin shuka ne yau zan kai ka inda za ka manta da gajiyar jinya." Mai tasin da muka tara da ya ga baƙi ne sai ya yanko kuɗi ninki uku, yana ta ɗaga murya yana buga sitiyari, yaron ya ja hannuna muka kira mota ta waya, ko rabin abin da wancan ya nema ba mu biya ba. Mutanen can akwai kirki amma a ciniki sai ka daure.

Wajen sunansa Azhar Park, a bakin titin Salah Salem. Ina shiga na ga dabino jere dama da hagu, tsakiya ruwa yana gudu a 'yar siririyar kwata ta dutse, faɗinta bai fi tafin hannu biyu ba, kuma an saita hanyar ta yadda idan ka ɗaga kai masallacin Muhammad Ali Pasha da ke kan Citadel, tsohuwar fadar masu mulkin Masar da ke kan tudu, yana daidai gabanka. Wannan ba dace ba ne, wanda ya zana ya auna. Toh sai yaron ya ce min wai duk inda muke takawa juji ne, shekara kusan 500 mutanen birni suna zubar da shara da ɓaraguzan gini a nan har ya zama tudu. Aga Khan, shugaban 'yan Isma'iliyya na lokacin, shi ne ya yi alƙawarin lambun a 1984, ba a buɗe shi ba sai 2005, fili hekta 30, kuɗi dala miliyan 30. Tifa ta yi sawu wajen dubu 80 tana kwashe datti. Ƙasar ma gishiri ne da ita, shuka ba ta kamawa, dole suka kafa gandun reno suka yi ta gwada iri har suka gane wanda zai jure, sannan suka kawo ƙasa mai kyau suka shimfiɗa. Ni da nake fama da kwastoma masu son a dasa yau gobe su ga inuwa, wannan haƙurin ya burge ni ƙwarai.

Abin da ya fi ɗaure min kai shi ne tankuna. Akwai manyan tankunan ruwan sha guda uku na birnin a cikin filin, kowanne faɗinsa mita 80, maimakon su ce tanki ya ɓata mana fili sai suka rufe su suka yi lambu da wajen wasan yara a kai, sai dai a saman ba a sa itace mai nauyi ko mai dogon saiwa. Da suna haƙa ta yamma kuma suka tono ganuwar zamanin Salahuddin, ta ƙarni na 12, tsawon kilomita ɗaya da rabi, shara ta binne ta. Ba su rushe ba, gyara ta suka yi, suka koya wa samarin unguwar Darb al-Ahmar sassaƙar dutse suka ba su aikin. Nan fa zuciyata ta tafi gida, na tuna badalar Kano yadda ake yankarta ana gina shaguna, da kududdufan cikin gari da ake cikewa da shara a yanka filoti, damina ta zo ruwa ya rasa wajen zuwa ya shiga ɗakunan mutane. Raina ya ɓaci sosai gaskiya. Ko Millennium Park na Abuja da aka buɗe a 2003 yana da kyau ban musa ba, amma shi fili mai lafiya aka samu aka ƙawata, waɗannan kuwa wajen da kowa ya tsana suka ɗauka.

Wani dattijo mai ban ruwa ya ga na durƙusa ina duba robar da ke ɗiga ruwa a gindin shuka, ya yi dariya ya kira mu gindin bishiya ya zuba mana shayi a ƙaramin kofin gilas, ya nuna min yadda suke yi wa furen bango aski bayan ya gama fure ba kafin ba. Kuɗin shiga akwai, kuma na ji wasu na ƙorafi wai talakan unguwar ba kullum zai iya ba, da gaskiyarsu, amma ni na gwammace a biya kaɗan a riƙa gyara da a bar shi kyauta ya mutu. Abincin gidan cin abincin da ke kan tudun dai tsada, shawarma muka saya a waje.

Washegari muka leƙa lambun kifi na unguwar Zamalek, na zamanin Khedive Isma'il wanda ya mulki Masar a ƙarni na 19, shi salon Turai ne, an gina kogon dutse na hannu ana bi ta ciki, jemagu sun fi kifin yawa yanzu. Zuwa garin Aswan na kudancin Masar kuma a jirgin ƙasa muka kwana, muka tsallaka da kwalekwale zuwa tsibirin da Kitchener, wani hafsan sojan Ingila, ya tara itatuwan Indiya da na sassan Afirka, kowace da allon sunanta. Zafi ya hana Yaya sakewa, ba mu jima ba muka juyo.