Tarihin Rayuwata, Kashi na Uku: Shekarar da Ruwa Ya Ci Garinmu

A makon jiya na tsaya a kan haihuwata a wani ɗan gari da ke kan gungu, wato tsibiri, a tsakiyar kogin Kwara, kudu da Yelwan Yauri. Wasu sun tambaye ni inda garin yake a yau. Yana nan inda yake, amma a ƙarƙashin ruwa.

Mu Gungawa ne. Hausawa ne suka sa mana wannan suna saboda zaman gungu, mu kuwa Reshe muke kiran kanmu. Kakata ta wajen uba ita ce kundin tarihin gidanmu. Da dare tana ɓare gyaɗa tana faɗa mana yadda kakanni suka zaɓi tsakiyar ruwa don dokin mahara ba ya ƙetare Kwara. Ko sarautar Yauri sai da ta fake a gungun Ikum zamanin yaƙe-yaƙe, kafin Sarki Abdullahi Abarshi ya koma Yelwa a 1888. Sai da na shiga makaranta na ji cewa Bature Mungo Park ya bi ta wannan ruwa namu a 1806, ya je ya halaka a Busa.

Kogin sau biyu yake cika a shekara. Akwai farin ruwa na damina, mai laka, sannan baƙin ruwa da ke isowa da sanyin hunturu daga can ƙasar Gini. In ruwa ya ja baya sai ya bar mana ƙasa mai taushi, a nan muke dasa albasa. Har yau ina ganin Baba tsaye cikin ruwa zuwa gwiwa, yana ɗiba da ƙwarya yana watsa wa fangali ɗaya bayan ɗaya, bayansa na sheƙi da gumi. Albasar nan ita ce sutura, ita ce sadaki, ita ce kuɗin haraji. Ranar kasuwar Yelwa mukan cika kwalekwale da ita har ruwa ya kusa taɓa baki, mu bi ta gefen Sarkawa suna jefa birgi, ƙamshin banda yana tashi daga gaɓa.

A 1964 aka fara gina madatsar Kainji. Ma'aikata suka zo da littafi da fenti, suka ƙirga ɗakuna da rumbuna da itatuwa, suka shafa lamba a bango. Dattawa ba su yarda ba. Wa ya taɓa jin an tare Kwara? Kaka ta ce ko da ɗan Adam zai iya, ba a zamaninta ba.

A 1968 ruwa ya fara hawa, ina da shekara tara. Bai zo da ƙarfi ba, a hankali ya riƙa cin gari kamar mai jin kunya. Yau ya taɓa gonar albasa, jibi yana gindin tsamiyar ƙofar gida. Mutum sama da 40,000 aka tayar a faɗin yankin, tsohuwar Busa ma ta nutse. Mu aka kai mu tudu, aka ba mu gidajen bulo masu rufi mai lanƙwasa. Ba zan ce ba a yi ƙoƙari ba, amma wanda ya zana ɗakin nan bai taɓa kwana cikinsa a watan bazara ba. Kafin shekara ta zagayo kowa ya gina bukkarsa a gefe. Abin da ya fi ciwo shi ne ƙasar: tsakuwa ce da jan turɓaya, albasa ta ƙi ta. Baba da ya ƙoshi da noma ya koma sayen kalli, wato raga, yana koyon kamun kifi a hannun waɗanda da yake sayar musu da albasa.

Bayan shekara biyu Kaka ta matsa sai an kai ta. Baba ya tuƙa, ni ina gaba. Muka yi ta tafiya a kan ruwa shimfiɗe ba iyaka, har muka ga kan wata busasshiyar tsamiya ya leƙo sama. Ta ce a tsaya.

"Maigidana, miƙo hannunka," in ji ta. Haka take kirana.

Ta kama hannuna ta tsoma a ruwa. "Nan ne ɗakin da aka yanke maka cibiya. Can gaba kaɗan kakanka yake kwance."

Ta yi fatiha, muka shafa. Baba bai ce uffan ba har muka iso gaɓa, sai ƙarar filafili kawai.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan kawo yadda aka sa ni makarantar boko a Yelwa ba da son Kaka ba.