Dala 40 da jakar zane: saukar Eric Carle a New York

Duk wanda ya sauka Amurka da sana'ar zane a hannunsa, yana da abin koyo wurin Eric Carle, mai zanen littattafan yara. A Syracuse ta jihar New York aka haife shi a 1929, amma yana ɗan shekara 6 iyayensa suka koma Jamus, ya tashi a Stuttgart cikin yaƙi, can kuma ya yi karatun zane. Da ya dawo a 1952, tamkar baƙo ya sauka: dala 40 a aljihu, sai jakar ayyukansa.

Jakar nan ce ta buɗe masa ƙofa. Leo Lionni, wani mai zane, shi ma baƙo daga Turai, ya duba ta, ya yi masa hanyar aiki a sashen talla na jaridar New York Times. A Amurka, mai zane aikinsa ake fara tambaya kafin takardar makaranta. Kuma kada a raina aikin talla: a wani talla marubuci Bill Martin Jr. ya ga zanensa, ya neme shi, littafinsu ya fito a 1967.

Salon nasa ba ya cin kuɗi, ɗan ƙaramin ɗakin haya ma ya isa. Farar takarda ce mai shara-shara, irin ta naɗe kaya. A shimfiɗa ta, a shafa fentin akirilik, ana ɗaga ta a kai a kai, in ba haka ba ta manne da tebur ta yage. In ta bushe a ƙara wani launin, a karce da gindin buroshi, ko a dangwala da guntun kafet. Sai a zana siffar dabbar da ake so a takardar kwafi, a ɗora a kan takardar da aka shafa wa fenti, a yanka da reza gaɓa-gaɓa, a manna a farin kwali.

Wurin kaya ne aka fi cin tuntuɓe. Da farko takarda mai launi ta kanti yake saye, yana mannawa da gam irin na sholisho. Da shekaru suka ja, launin ya koɗe, gam ɗin ya ɓata takardar. Shi ya sa ya koma rina tasa da hannu, yana mannawa da gam na manna takardar bango.

Littafinsa na tsutsa mai yunwa, na 1969, shafukansa a huhhuje suke, faɗinsu kuma ba ɗaya ba. Bugunsa a Amurka ya yi tsada, sai a Japan aka buga shi.