Kuɗin fulawar gobe

Harkar burodi tana da wani abu mai ruɗar mutum, kullum kana ganin kuɗi. Da asuba 'yan babur sun fita da kaya, kafin la'asar sun fara dawowa da kuɗi ɗaure a leda, masu shayi su aiko da nasu bayan isha'i, ka zauna ka ƙirga ka ji aljihu ya yi nauyi, sai ka ɗauka samu kake yi. Ni ƙaramin gidan burodi gare ni a nan Kano, tanda ɗaya ta itace da injin kwaɓa da injin murza, kuma na taɓa karyewa irin karyewar da sai da aka sa kwaɗo a ƙofa yara suka watse. Yanzu mun dawo aiki alhamdulillah, muna lallaɓawa, amma yadda kuɗi ke shiga da fita a gidan ba irin na da ba ne sam.

Duk wanda ke wannan sana'a ya san shekarun da suka cinye mu. Fabrairun 2022 aka fara yaƙin Rasha da Yukren, alkama ta yi tsada a duniya, mu kuma fulawarmu kusan duk da alkamar waje ake yin ta, 'yar wadda ake nomawa a Jigawa da nan Kano ba ta kai ko'ina ba. A shekarar ne man gas ya tashi daga wajen naira 300 ya doshi 800, har masu gidajen burodi suka tafi yajin aiki a watan Yuli. Ba mu gama farfaɗowa ba sai ga canjin kuɗi farkon 2023, mai shayi da cinikinsa na naira 200 da 500 ne ya wayi gari ba mai takardar kuɗi a hannu, transfa kuma ta tafi ta maƙale. Sai 29 ga Mayu aka ce tallafin mai ya tafi, fetur daga ƙasa da 200 ya haura 500, a watan Yuni aka saki dala, wadda take wajen 460 a farashin gwamnati zuwa Fabrairun 2024 ta wuce 1,500. Buhun fulawa ya haye dubu 40. Lokacin ne ma mata masu gurasa suka fito zanga-zanga a nan Kano.

To amma tsada ita kaɗai ba ta karya mutum, yadda take shiga cikin lissafi ne matsalar. Ka sayi fulawa yau Litinin a kasuwar Singa, ka gasa, ka raba, kuɗin bai gama dawowa hannunka ba sai Laraba ko Alhamis saboda rabin kayan bashi ne. A littafi ka ci riba tunda farashin Litinin ka lissafa. Ka koma kasuwa ka tarar an ƙara dubu 2 ko 3 a kowane buhu, suga ma haka, bota ma haka, kuɗin da ya sayi buhu 15 yanzu 14 zai saya, kai kuma ka riga ka ɗauki "ribar" ka yi cefane da ita. Shi burodi ba a ƙara masa kuɗi duk sati, mai shayi zai ce maka "oga mutanena fa 200 suke zuwa da ita", kuma gaskiyarsa ne. Sai ka cike gurbin buhu ɗayan da bashin dila, sati mai zuwa su zama biyu, a haka a haka har ranar da za ka farga duk abin da ke cikin tanda na mutane ne. Ba caca ba sharholiya, uwar kuɗin ce ke narkewa kana kallo.

Mu nan karyewa ba kotu ce ke sanar da ita ba. Ranar da dila ya ce ba kaya sai an rage tsohon bashi, shikenan ka karye. Kuma ga wani abu da yawancinmu ba ma lura da shi, rajistar sunan kasuwanci da muke yi a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ba ta raba ka da bashin sana'ar, in ba kamfani limited ka yi ba bashin naka ne, har ƙofar gida zai biyo ka. Ko limited ɗin ne ma Alhajin Singa fuskarka ya sani ba takarda ba.

Kawuna ne ya ce kar na kuskura na kashe waya, mai bashi ya fi jin zafin ɓuya a kan rashin biya. Shi ya raka ni muka bi su ɗaya bayan ɗaya. Wajen Alhajin fulawa ne abin ya fi nauyi, na ce "Alhaji ba gudu zan yi ba, ga abin da ya rage min, a ba ni lokaci." Ya daɗe yana danna kalkuleta bai ɗago ba, can ya ce "to duk Juma'a ka kawo ko nawa ne, amma kar wata Juma'a ta wuce ban ganka ba. Kaya kuma daga yau kuɗi hannu." Kawu ya sa aka rubuta da shaidu biyu, ya ce ayar da ta ce a jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci, ta 280 a Baƙara, ba ta da nisa da ta 282 da ta ce a rubuta bashi, to a ɗauke su tare. Na sayar da mota da babban janareta. Injin kwaɓa da na murza kuwa na ƙi, duk da an yi min tayi mai kyau, don in sun tafi ban san da me zan biya sauran ba. Kuɗin motar kuma ba da manya na fara ba, haƙƙin yaran da suka yi min aiki na fara sallama, sai mai itace da mai leda, su ne in ka riƙe musu dubu 40 ka tsayar musu da rayuwa.

Jarin da aka sake tashi da shi na uwargida ne, ɗan kunnenta na gwal da kwasar adashinta. Shi ma an rubuta shi a matsayin bashi, ta yi ta dariya wai ni da wa, na ce a dai rubuta. Da buhu 2 a rana muka fara, ni da yara uku, ni ne mai awo ni ne mai karɓar kuɗi.

Ga yadda dare yake yanzu. Kafin na taɓa ko sisi sai na kira yaron shagon Alhaji na ji nawa fulawa ta kwana yau, nawa suga. Da wannan farashin nake cire kuɗin kayan gobe, fulawa, suga, yis, bota, gishiri, leda, itace, man babur, har na ɗan ɗora wani abu a kai saboda kar a wayi gari an ƙara. Wannan kuɗin yana da akawun ɗinsa daban wanda ko katin ATM ban karɓa masa ba, daga shi sai transfa zuwa Singa. Bayan shi sai kuɗin yara, sai na Juma'ar Alhaji, sai wani ɗan kaso na haya da gyara da nake jefawa kullum ko da 1,000 ce, saboda kuɗin haya na shekara da bel ɗin inji su ne ke zuwa wa mutum kamar ba a san da su ba alhali an sani. Ni ne na ƙarshe. Na yanka wa kaina kuɗin aiki daidai da na mai tanda, abin da gida zai ci ke nan, in an samu rara ta koma jari, in ba a samu ba ni ne zan ji a jikina ba fulawar gobe ba. Akwai daren da bayan an gama rabo abin da ya rage min bai kai kuɗin cefanen kwana ɗaya ba, ga kuɗi jibge a gabana kuma ba dama. Wallahi da wuya, ba zan ɓoye ba.

Lissafin ma na daina yin sa a dunƙule, buhu buhu nake yi. Na san burodi nawa ya kamata buhu ɗaya ya fitar a kowane girma, kowane curi sai ya hau sikeli, ba ruwana da "oga hannuna ya saba". Hannun da ya saba ɗin in yana ƙara giram kaɗan a kowane curi, kafin a tashi ya ba da burodi da yawa kyauta ba wanda ya gode. In adadi bai cika ba a daren nan za a san dalili, ƙonewa ya yi ko wani ya sa a riga. Kala-kalar burodi da muke yi da duk na soke, saura girma biyu da suka fi tafiya wajen masu shayi. Leda mai zane kala uku ta koma kala ɗaya, suna da lambar NAFDAC, hukumar kula da abinci da magunguna, kawai. Itace da rani nake tarawa, don da damina ga tsada ga jiƙa, rabin zafinsa a hayaƙi yake tafiya. Kwaɓi kuma in da hali muna daidaita shi da lokacin da ake kawo wuta. Kwastomomin nesa, irin wanda babur zai yi tafiya mai tsawo don burodi 20, na ba su haƙuri, tun da fetur ya haura 1,000 a 2024 wannan kai kayan ya zama taimako ba ciniki ba. Kwantai ma na rage shi ta hanyar gasa abin da aka yi oda da ɗan ƙari, gara a ce ya ƙare da a dawo min da shi ya bushe na sayar wa masu kiwo a wulaƙance.

Inda ban yarda a yi tsimi ba shi ne cikin ƙullun kansa. Na san masu zuba sinadarin buromet don burodi ya kumbura, da masu sa sakarin a madadin suga, kuma duk mun san NAFDAC ta hana, buromet tun zamanin da Dora Akunyili ke shugabantar hukumar. Wanda ya karye ya fi kowa jin wannan kwaɗayin don nan take zai ga bambanci a aljihu. Ni dai na rage girman burodi na faɗa wa masu shayi na rage, wanda zai tafi ya tafi. 'Ya'yana ma shi suke ci da safe.

Bashin masu shayi ba ya hanuwa gaba ɗaya, duk wanda ya ce maka ya hana to ba da su yake harka ba, yawancinsu jarinsu bai wuce madara da ƙwai da indomi na kwana ɗaya ba. Abin da muka tsayar shi ne na jiya kafin na yau, ba a ɗora kwana biyu. Transfa kuma sai na ga kuɗin a akawun da idona, hoton rasit a waya ba ya ɗaukar kaya.

Gida ne ya fi wuya, kuma ba don abinci ba. Abinci mai sauƙi ne, da kaka na shiga kasuwar hatsi ta Dawanau na ɗan auno masara da gero da wake, nama ya koma na Juma'a, yara suka bar makarantar kuɗi mai tsada suka koma wata ta unguwa. Kunya ce matsalar. Dangi har yanzu kallon mai gidan burodi suke maka, katin biki ya zo, suna ya zo, ga gudummawa ga anko ga wanda za a yi wa aiki a asibiti, kuma kowa da gaskiyarsa. Sai da muka zauna da uwargida muka ware abin zumunci na wata, in ya ƙare ya ƙare, sauran sai dai na je da ƙafata da burodi a leda na yi Allah ya sanya alheri. An yi surutu kam, har wata gwaggona ta ce "kai yanzu ko gaisuwa sai ka duba littafi?" Na ce "Gwaggo ku dai ku sa mu a addu'a." Babbar sallah ba mu yi layya ba, watanda muka shiga da maƙwabta, yara ɗinki ɗaiɗai, ni tsohuwar shaddata na kai aka buga. Ita uwargida abin da ta nema ɗaya ne, a ware kuɗin magani daban kar zazzaɓin yaro ya sa a taɓa jari, kuma ita ce mai riƙe da shi.

Masu cewa na ci bashin banki na faɗaɗa suna da yawa. A lokacin da CBN, babban bankin Najeriya, kanta ta kai kuɗin ruwanta kashi 27.5 a ƙarshen 2024, ban ga burodin da zai biya abin da banki zai ɗora ba, balle ga maganar riba a addini. Manhajojin bashi na waya kuwa, masu tura wa duk lambobin wayarka saƙo in ka makara, ko kallonsu ba na yi. Adashi nake yi na sati da wasu abokan sana'a, ranar kwasata kuma ba ya kwana, suga da leda nake saya da shi tunda su ba sa lalacewa. Fulawa ba na tara fiye da ta 'yan kwanaki, ƙwari na shiga, kuma farashi ba hawa kawai yake yi ba, waɗanda suka ɓoye hatsi sun ga yadda ya sauko a 2025.

Yanzu mun ɗan haura buhu 2 ɗin, na dawo da biyu daga cikin tsofaffin yarana. Na uwargida an biya rabi, na Alhaji saura kaɗan, har kwanaki ya ce in ina so ya fara sakar min buhu 5 zuwa sati, na ce "Alhaji a bari mu rufe wancan shafin tukuna." Abin da ke gabana shi ne ƙasan tanda ya fara tsagewa ta gefen hagu, burodin wajen yana ƙonewa ta ƙasa, magini ya zo ya duba ya ce aikin kwana uku ne kuma sai tanda ta huce gaba ɗaya. Kuɗin gyaran ya kusa cika a asusunsa, na kwana ukun da ba za a gasa ba ne nake tarawa yanzu, don yara sai an biya su ko an yi aiki ko ba a yi ba, kuma so nake a gama kafin azumi.