Ƙyallen samfur irin na Ackworth: inda aiki ya kai a mako na tara

'Yan'uwa masu koyon ɗinkin gicciye, sannunku da aiki. Bayan mako tara, ɗinki kusan 9,400 ya zauna a cikin 26,000 da taswira, wato takardar zanen da ake bi gida-gida, ta ƙunsa. Gefen sama da na hagu sun kammala, an kuma warware wuri biyu an sake. Waɗannan wurare biyu su za su fi cin wuri a bayanin nan, domin a nan ne mai kwaikwayon tsohon aiki ya fi tuntuɓe.

Ga waɗanda suka tarar da mu a tsakiya: ƙyallen samfur shi ne ƙyallen da mai ɗinki take tara ire-iren zane da haruffa a kai, tun zamanin da littattafan zane ba su yawaita ba, don ta riƙa dubawa. Mafi tsufa a gidan tarihi na Victoria da Albert (V&A) da ke Landan daga Masar aka samo su, na ƙarni na 14 ko na 15. A Ingila kuwa, mafi daɗewa mai ɗauke da shekara shi ne na Jane Bostocke, 1598. Daga baya abin ya koma darasin 'yan mata a makaranta. Wanda muke kwaikwayo irin na makarantar Ackworth ne, wadda 'yan ɗariƙar Kirista ta Kweka suka buɗe a yankin Yorkshire a 1779. Da gani ake gane aikin ɗalibanta na wajen ƙarshen ƙarni na 18 da farkon na 19: rabin tambari jere a gefuna, cikakkun tambura a tsakiya, haruffan farkon sunaye warwatse a tsakaninsu, sau da yawa da zare launi ɗaya tak.

Wanda ya saba aikin hula ya lura da bambanci ɗaya tun yanzu. A hula zane ake bi, wanda aka shata a kan yadi. A nan yadi fari fat yake, zarensa ake ƙirgawa.

Mako na 1: lissafi kawai

Yadin lilin ne mai lamba 36, wato zare 36 a inci ɗaya, tsaye da kwance. Kowane ɗinki yana hawa zare biyu, don haka inci ɗaya yana cin ɗinki 18. Taswira gida 270 ce a faɗi, 288 a tsawo, kowane gida wurin ɗinki ɗaya ne. A raba kowanne da 18, aiki ya tashi inci 15 da inci 16, wajen santimita 38 da 41. A ƙara inci 3 a kowane gefe saboda ɗaurawa a firam, yadin da za a yanka ya zama inci 21 da 22. Kada ku yi rowar wannan gefen. Wanda ya bar inci ɗaya yakan gane kuskurensa ranar da babu sauran gyara.

Wanda lilin bai samu ba, yadin Aida mai lamba 18 zai ba shi girma ɗaya daidai, mai lamba 14 kuma faɗinsa zai haura inci 19. Sai dai Aida ba ya karɓar ƙananan haruffan da ake yi a kan zare ɗaya, kuma ramukansa sun fito fili, kamar tsohon aiki takan ragu.

Ɗaurin zaren kamfanin DMC tsawonsa mita 8, mai sili shida, wato mita 48 idan sili ɗaya ake amfani da shi. A lamba 36 kowane ɗinki yana cin wajen milimita 7, gaba da baya. Idan aka haɗa da asarar farawa da ƙarewa, ɗauri ɗaya zai ba da ɗinki 5,000 ko sama kaɗan. Ɗauri shida ke nan, an sayi bakwai a lokaci guda. Allura marar tsini ce mai lamba 26. Mai tsini takan tsaga zaren yadi maimakon ta bi ta rami, kuma zaren da aka tsaga ba ya ƙirguwa.

Kafin komai an daje bakin yadi don kada ya zazzare. An kuma jiƙa guntun zare, aka danne shi da farin ƙyalle da dutsen guga mai ɗumi. Ƙyallen ya fito tas. Ku yi wannan gwaji ga kowane zare mai duhu, komai sunan da ke jikin takardarsa, musamman ja da baƙi. Zaren da yake zuba gara a gane shi a guntu.

Batun launi ya ɗan ja lokaci. Tsofaffin ayyukan nan fuskarsu ta sha haske ta koɗe, bayansu ne yake riƙe da abin da ya fi kusa da launin asali. Mai kwaikwayo sai ya zaɓa: abin da yarinyar da ta yi aikin asali ta gani a hannunta, ko abin da muke gani a yau. An ajiye baƙi wuluk, lamba 310, an ɗauki 3371, baƙi mai ratsin ƙasa-ƙasa. A ganina shi ya fi kwanciya a kan lilin mai launin madara, 310 yana da kaifi ƙwarai a ido. Tsoma yadi a ruwan shayi don ya yi kamar ya tsufa kuwa, ban goyi baya ba. Rinin ba ya kamawa bai ɗaya, yakan yi dabbare-dabbare idan ruwa ya taɓa shi, garin neman gira a rasa ido. A sayi yadi mai launin da ake so tun farko.

Mako na 2 da na 3

An ja layukan jagora da farin zaren tela mai santsi, layi ɗaya a kowane ɗinki 10, wato kowane zare 20 na yadi, daidai da manyan layukan taswira. Ya ci kwana uku. Ana zare kowane layi da zarar aiki ya iso gare shi, domin idan allura ta huda shi aka ɗinke a kai, ba ya fita sai da almakashi.

Da sili ɗaya babu halin fara ɗinki da madauki irin na sili biyu, ƙulli kuma ba ya shiga wannan aiki. Ana kafa zare da ƙananan ɗinki biyu a kan zare ɗaya na yadi, a tsakiyar gidan da gicciyen zai rufe, na biyu ya danne na farko, sannan a datse wutsiyar. Tsawon zaren aiki kada ya wuce santimita 45. Dogon zare yana gogar yadi sau da yawa, ya siranta, ya yi gashi, sai ƙarshen layi ya fi farkonsa haske. Bayan ɗinki goma ko sha biyu a saki allura ta yi lilo, murɗin ya warware. Ƙafar sama ta kowane gicciye kuma gefe ɗaya za ta riƙa kallo daga farkon aiki har ƙarshe, in ba haka ba haske zai faɗa a kai iri biyu.

Mako na 4: warwara ta farko

Rabin tambari na uku ya ƙi haɗuwa da layin jagora. Saɓanin bai kai ɗinki ɗaya ba, rabi ne. Rabin ɗinki dalilinsa ɗaya ne: a wani wuri an tsallake zare uku ko ɗaya maimakon biyu. A nan wajen tsallaka fili daga tambari na biyu zuwa na uku abin ya faru.

Akwai hanyar kama wannan da wuri, kuma ita ce mafi amfani a duk bayanin nan. Ku duba saƙar lilin da kyau. A kowace mahaɗa, ko zaren tsaye ne a sama, ko na kwance. A fito da allura a ramin da ke hagu da zaren tsaye wanda yake a sama. Tunda kowane ɗinki zare biyu yake hawa, duk ɗinkin da ke cikin aikin zai fara daga irin wannan rami. Ranar da kuka ga allura ta fito kusa da mahaɗar da zaren kwance yake a sama, ku tsaya, an kauce da zare ɗaya. Zaren tsayen kuma yana tokare ɗinkin, ba ya barinsa ya sulale.

Ɗinki 310 aka kwance. Da bakin allurar nan marar tsini ake ɗaga su ɗaya bayan ɗaya, daga na ƙarshe a koma baya. Zare mai duhu yana barin gashi a ramuka, sai a ɗauke shi da salatif, a hankali. Zaren da aka kwance a zubar, ya riga ya gaji. Tun daga nan ba a sake ƙirga fili daga tambarin da ya gabata ba, daga layin jagora mafi kusa ake ƙirgawa, sau biyu. Ba a kuma jan zare ta baya daga wannan zane zuwa wancan idan tazara ta wuce gida biyu, domin inuwarsa tana fitowa ta fuska.

Mako na 6: kuskuren wa?

Warwara ta biyu ta fi ta farko wuyar ganewa, saboda aikin ya yi kyau. Tambari ne mai kusurwa takwas a gefen hagu, da furen da ya yi reshe dama da hagu. An gama ɓangare ɗaya ana duba taswira. Da aka zo ɗaya ɓangaren, hannu ya riga ya haddace, ido ya daina komawa takarda, sai aka juya zanen kamar a madubi. Ya fito daidai wa daida. A taswira kuwa reshen dama ya gaza na hagu da ɗinki ɗaya, ganye na uku kuma ya sauko da layi guda. Yarinyar da ta yi aikin asali ce ta ɓata ƙirga a nan, shekara ɗari biyu da suka wuce, wanda ya zana taswirar kuma ya kwafe shi yadda yake, da gangan.

To, a bar gyaran ko a kwance? An kwance, saboda dalili biyu. Na farko na lissafi ne. Yarinyar ta ci gaba da aikinta daga inda ta kauce, duk abin da ke ƙasa da wannan tambari ya zauna ne bisa kaucewar. Wanda ya gyara mata reshe ɗaya zai tarar haruffan da ke kusa sun matse, tambari na gaba ya hau kansu, gyara ya haifi gyara har ƙasan ƙyalle. Na biyu shi ne abin da ake nufi da kwaikwayo. Zanen fure kowa zai iya samu a ko'ina. Abin da ya sa wannan ƙyalle ya zama nata shi ne inda ta gaji, inda fili ya ƙare mata ta cusa harafi a lungu, inda ta lura ta kauce ta daidaita a layi na gaba ba tare da ta kwance ba. Idan aka share waɗannan, abin da ya rage zane ne mai tsabta wanda ba hannun kowa a cikinsa.

Don haka kafin a fara kowane tambari yanzu, ana ƙirga ɓangarorinsa biyu a taswira, a kewaye duk inda suka saɓa da jan biro. Idan aka ga saɓani a yadi, tambayar farko ita ce ko yana cikin taswira. Idan yana ciki, nata ne, a bar shi. Idan babu, namu ne, a kwance. Haka ma haruffa: a tsofaffin samfura da yawa babu J a jerin abacada, I ce take tsaya mata, wani lokaci V ta tsaya wa U. Ba mantuwa ba ce, kada a cike gurbin.

Akwai kuma wuraren da taswira take nuna ɗinki da wata alama daban, a ce an maido su ne. Baƙin rini na da ana kama shi da sinadarin ƙarfe, wanda yake cin siliki a hankali, har zare ya marmashe ya bar ramukan allura kawai. Daga ramukan ake gano abin da ke wurin. Waɗannan an ɗinka su cikakku, tunda yarinyar ta ɗinka su.

Wasu daga cikinku sun fi son aikin da babu tsuntsu ko kurege, alhali tamburan Ackworth suna da su. Mafi sauƙi a zaɓi samfurin da furanni da taurari suka fi yawa. Wanda ya musanya tambari da wani kuma babu laifi, amma ya kira aikinsa tsari irin na Ackworth, kada ya ce kwafin ƙyallen wance ne.

Mako na 7 zuwa na 9

Ƙananan haruffa sun shigo, waɗanda ake yi a kan zare ɗaya. Matsalarsu ita ce zaren ɗinki yakan sulale ƙarƙashin mahaɗa ya ɓace. A sassauta hannu, a kammala kowane gicciye kafin a wuce, a kuma bi da allura yadda zaren baya zai yi doguwar karkata ya naɗe mahaɗar. Allura mai lamba 28 ta fi a nan, da hasken rana, safe ko la'asar. A hasken fitila mai rauni ido yana haɗa zare biyu ya gan su ɗaya.

Saurin aiki ya tsaya a wajen ɗinki 120 a awa, wato ƙyallen duka zai ci sama da awa 200. Abin da zai daɗe haka a hannu dole a tsare shi. A cire shi daga zoben katako duk lokacin da aka tashi, domin da'irar dauɗa da zobe yake bari tana da wuyar fita. A naɗe shi, kada a ninke, a sa a farar rigar filo saboda ƙurar hunturu. Kada a bar allura soke a yadi, da damina kwana kaɗan ya isa ta yi tsatsa. Man shafawa da sabon lalle su ma su yi nesa da lilin.

An keɓe wuri a can ƙasa, wajen iyakar zanen asali, inda haruffan sunan mai kwaikwayo da shekarar bana za su shiga da ƙananan baƙaƙe, don kada wani ya tsinci ƙyallen nan gaba ya ɗauka na 1800 ne. Mako na goma zai fara da babban tambarin tsakiya, gida 61 a faɗi. An riga an ƙirga shi a taswira, jan biro ya kewaye wuri huɗu.