Ƙirgar sabara da geza kafin katafila ta shiga

Mu biyar ne a ɗan kamfaninmu a Sakkwato, da mota ɗaya. Aikinmu shi ne shiga filin da za a haƙi ma'adinai, mu rubuta duk abin da ya tsiro a kai tun ƙasar ba ta tashi ba. Dokar tantance tasirin ayyuka ga muhalli ta 1992 ce ta wajabta wannan, kuma Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya ke duba rahoton.

Da muka je wani fili da ake son haƙar dutsen siminti, injiniyan da ya tarbe mu ya nuna dajin da hannu ya ce, "Malam, ai ba komai a nan, sabara ce kawai." Na sha jin wannan maganar, kuma har yau tana sosa mini rai. Wanda idonsa ya saba da manyan itatuwa ba ya ganin arzikin da bai kai masa ƙirji ba.

Mukan ja layi da igiyar awo, mu yanki fili mita 20 tsawo da faɗi, mu ɗauki lambar wurin da GPS, na'urar da ke nuna matsayin wuri a taswira, sannan mu ƙirga kowane tsiro, mu auna tsayinsa da faɗin inuwarsa. Wanda ya shige mana duhu sai mu tsinko reshensa, mu danne shi cikin tsofaffin jaridu, mu kai ma'adanar tsirrai ta jami'a. Sau biyu ake zuwa, rani da damina. Masu kamfanin haƙar ma'adinai ba sa son jin haka saboda kuɗi da lokaci, amma wanda ya ƙirga a watan Maris kaɗai ya ga rabin dajin ne. Gamba da sauran ciyayi sai ruwa ya sauka suke bayyana.

Ban taɓa shiga fili ba tare da ɗan gari ba. A wancan aikin mai gari ya haɗa mu da wani dattijo makiyayi. Na tambaye shi, "Baba, wannan fa?" Ya ce anza ce, da 'ya'yanta aka rayu a shekarun yunwa, bayan an jiƙa su kwanaki ɗacin ya fita. Ya nuna mana kalgo da awaki ke cin 'ya'yansa idan rani ya tsananta, ana kuma igiya da ɓawonsa. Da geza da ta kama kan marmara inda ba abin da ke yarda ya fito. Da aduwa da ake sassaƙa allo da iccenta. Duk na rubuta, domin sunan tsiro ba tare da amfaninsa ba ba ya gaya wa jami'in Abuja abin da ƙauye zai rasa.

Ita kuwa sabarar da aka raina, mata na dafa ganyenta don wankan jego. Bincike a Senegal ya nuna saiwarta na jawo ruwa daga ƙasa can ciki da dare, geron da ke kusa da ita ya amfana. Manoma na sare ta kafin shuka, ta sake tohowa. Katafila ce kaɗai ke raba ta da wurin, don tana tumɓuke ta har saiwa.

Shi ya sa a rahoton na dage kan abu biyu: a kwashe ƙasar sama a tara ta gefe guda, saboda a cikinta irin tsirrai yake, da ita za a rufe ramin idan an gama, kuma a bar burtalin da ya ratsa gabashin filin. Masu kamfanin haƙar sun nemi in sassauta maganar burtalin, na ƙi. Rahoton dai akan baje shi kwana 21 na aiki don jama'a su duba, amma da Turanci yake. Kafin wa'adin ya cika na koma garin ranar kasuwa, na karanta wa mutanen garin shi da Hausa a ƙofar gidan mai gari.