Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Gorar da ke Ɓulɓula

A makon jiya mun tsaya inda na haihu a sati na 31, ko kukan yaron ban ji ba aka fice da shi. Sai washegari da hantsi aka tura ni a keke zuwa ɗakin bakwaini, aka sa na wanke hannu har gwiwa.

Yana kwance cikin kwalba, kilo 1.4. Ƙirjinsa ne ya tsaya mini a rai. Duk numfashin da ya ja sai fatar ta lotsa tsakanin haƙarƙari, yana wani ɗan nishi kamar tsoho zai tashi daga tabarma. An saƙala masa 'yan robobi biyu a hanci, tiyo ya zarce cikin wata gorar ruwa mai ɓulɓula ba tsayawa.

"Likita, me ya same shi?"

"Huhunsa ne bai ƙosa ba, Maijego." Ya ce akwai wani maiƙo, safaktan, da ke hana 'yan jakunkunan iska na huhu mannewa, kuma sai wajen sati 34 ko 35 yake wadata. Wannan na'urar, CPAP, iska take turawa da ɗan ƙarfi don huhun ya zauna a buɗe, amma yaron da kansa yake numfashi. Zurfin da tiyon ya nutse a ruwa shi ke yanke ƙarfin, nasa santimita 5 ne. Allurar da aka yi mini kafin haihuwa ma, wadda na yi ta mita a kanta, ashe don huhun nan ce.

Na roƙi Sista ta ƙara masa oksijin. Ta ce a'a, in ya yi yawa idon bakwaini yake ɓatawa. Ta nuna mini lambar da ke allo mai nuna yawan oksijin a jininsa, ta ce tsakanin 90 da 95 ake so.

Inna kuwa abin da ya dame ta daban. Ɗan fari ne, ga ni na tare a gindinsa, dangin miji na gani. "Ke ko 'yar kara babu?" Na yi shiru. Kunya ai sai da kwanciyar hankali.

Daren na uku ina gyangyaɗi a kujera, shiru ya tashe ni. Gorar ta daina ɓulɓula. Lambar ta sauko 84, na'ura na ta ƙara. Ban san sanda na ƙwala ihu ba. Sista ta zo ba ko gaggawa, ta mayar da robar da ta zame daga hancinsa, ta gyara masa hula. Ruwan ya ci gaba da tafasarsa, ni kuwa ƙafafuna suka ƙi ɗaukata.

Ranar kwana shida Maigida ya shigo yana sosa ƙeya. Wai an riga an sayi rago, kuma Hajiyarsu ta ce a sallamo mata jikanta kafin suna.

Mu haɗu mako mai zuwa in Allah ya kai mu.