Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Wasa Ɗaya Tak

Makon jiya na tsaya inda na fara tuƙin tasi a birnin Houston na Amurka. Amma sai na koma kan maganar Kawu tukuna, don har yau tana ci mini tuwo a ƙwarya.

Ranar da aka dawo da ni gida gwiwa a kumbure, bayan wasa ɗaya tak da na buga wa babbar ƙungiyar ƙwallon nan, yana zaune a zaure ya dube ni ya ce, "Kwana ɗaya a fada ba ya mai da mutum bafade." A gaban Inna ya faɗa. Ba ta ce uffan ba, ruwan zafi kawai ta ɗora.

Wani dattijo da na ɗauka zuwa filin besbol, wasan da ake dukan ƙwallo da sanda, shi ne ya fama mini wannan miki. Ya ga ina ɗingishi da na fito ɗaukar masa jaka, na ba shi labari, shi kuma ya ba ni na John Paciorek. Yaro ɗan shekara 18, ranar 29 ga Satumba 1963 ya buga wa Houston wasa da New York Mets. Sau biyar ya fito riƙe da sanda, ko sau ɗaya ba a fitar da shi ba, sau huɗu ya kewayo filin ya ci maki. Daga nan ciwon baya ya kwantar da shi, aka yi masa aiki, bai sake taka babbar gasar besbol ba. Malamin motsa jiki ya zama a makaranta.

Labarin Larry Yount, wani mai jefa ƙwallo a besbol, ya fi taɓa ni. A 1971 aka sanar da sunansa, ya shiga fili yana ɗumama hannu, gwiwar hannun ta ɗauki ciwo, ya fita bai jefa wa kowa ƙwallo ba. Duk da haka littafin gasar ya rubuta masa wasa ɗaya. Ƙanensa Robin kuwa shekara 20 ya yi yana buga wa ƙungiyar Milwaukee. Ni ma ina da ƙane, kun san shi, shi ake nunawa a gidanmu idan an yi baƙi.

Kwana ɗaya a fada. To Kawu, ga mutanen da suka rubuta kwana ɗayan, dattijo na tuna shi bayan shekara da shekaru. Nawa fa? Na sa an bincika mini takardar sunayen ’yan wasan ranar, aka ce ba a ajiye ba.

Na ƙudura idan na je gida sallah zan zauna a zauren nan in karanta wa Kawu sunayen biyu. Ina cikin tara kuɗin tikiti Yaya ta bugo waya da asuba. Allah Ya jiƙansa, na yafe masa, amma rigar da na sa ranar tana ƙasan akwatina, lamba 14.

Labarin auren fari sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.